Neman kalma: me za mu kira mawaƙan "underground"?

Mai Shiri: Salam 'yan uwa. Gobe da yamma zan gabatar da shiri a rediyo kan London Posse, ƙungiyar 'yan hip-hop ta Landan, su Rodney P da Bionic. Sun saki "Money Mad" a 1988, kundinsu Gangster Chronicle ya fito a 1990. Lokacin da takwarorinsu ke kwaikwayon harshen Amurkawa, su da bakin unguwarsu suka yi waƙa, haɗe da salon Jamaika. Mawaƙa na girmama su har yau, amma kasuwa ba ta yi da su ba. Turawa na ce wa irinsu "underground". Mu fa?

Baban Ummi: Mawaƙan ƙarƙashin ƙasa.

Mai Shiri: Na gwada wa mai haɗa mana sauti, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Gwamnati ce ke nemansu?" Ka ga ta tafi wani wajen.

'Yar Damagaram: Masu tasowa fa?

Ɗan Sabon Gari: A'a Yaya, mai tasowa yana hanya ne. Waɗannan sun kai, manyan gidajen rediyo ne ba su buɗe musu ƙofa ba. Ni dai "bayan fage" nake ji.

Malamin Hausa: Bayan fage na mai kyamara ne da mai ba da umarni. Na daɗe ina cewa "mawaƙan zaure". Akwai na dandali, akwai na zaure, wanda sai ka san gidan za ka ji shi. Sannan me ya kawo "hip-hop" a shirin Hausa alhali muna da gambara?

Ɗan Sabon Gari: Ranka ya daɗe, gambara da 'yan gambara suna nan da kiɗansu da ba'arsu a kasuwa. In ka ce mutumin Landan ɗan gambara ne, tsohuwata wani abu daban za ta hango.

Malamin Hausa: Sai a ce gambarar zamani. Abin da ke ci min rai shi ne ku yaran yanzu kuna jin kunyar kalmar gida, kuna ganin ta ƙauye ce. Kai da bakinka ka ce darajar mutanen nan ita ce sun ƙi aron bakin Amurka.

'Yar Damagaram: Baba, ba kunya ba ce. A nan "rap" muke cewa, kuma ba wanda ya fi mu riƙe Hausa. Zaure kuma wurin karatu da fira yake kawo min.

Malamin Hausa: To ai ma'ana ana ƙara mata.

Mai Shiri: Malam, maganarka ta aron baki ta shige ni. Zan ce gambarar zamani a buɗe shiri, daga nan hip-hop. Ɗayar kuma "mawaƙan bayan fage", sai na ƙara da cewa waɗanda manyan kamfanoni ba su tallata ba.

Malamin Hausa: Kalmar da sai an bi ta da bayani ba ta gama aikinta ba. Amma je ka yi shirinka. Ka dai faɗi "zaure" ko sau ɗaya ne, mu ji abin da masu kira za su ce.