Shin Allah ya yar da Yahudawa ne ya ɗauki Ikkilisiya?

Malamar Lahadi, Marwa:
Salama, iyayena da 'yan'uwa. Ajin matasa zai shiga Wasiƙar Romawa, ga kuma tambayar da ba ta ƙarewa: Ikkilisiya ta maye gurbin Yahudawa ne? In ba haka ba, suna da tasu hanyar ceto daban da Almasihu?

Fasto mai ritaya, Garwa:
'Yata, ki ɗauki sura 9, 10 da 11 a jere, zama uku, kada ki tsinci aya ɗaya ki gina darasi a kanta. A 11:1 Bulus ya yi tambayarki, ya kuma amsa da a'a, shi ma Ba'isra'ile ne na kabilar Biliyaminu. Ki daɗe a kan 11:17-24. Yaranki sun san auren mangwaro: reshe mai kyau ake ɗaurawa a kan kututturen na gida. Bulus ya juya abin, reshen zaitun na jeji aka ɗaura a kan itacen gona, shi ya sa a aya 24 ya ce ya saɓa wa ɗabi'a. Mu al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, mu ne reshen jejin, saiwa ce ke ɗauke da mu. Hanyar ceto biyu kuwa babu. 10:9-13 da Ayyukan Manzanni 4:12 sun rufe wannan ƙofar.

Katakis, Njamena:
Baba Fasto ya faɗi gaskiya. A wajenmu Katolika, takardar Nostra Aetate ta 28 ga Oktoba 1965, sashe na 4, ta hana a ɗora wa Yahudawa gaba ɗaya, na da ko na yanzu, alhakin mutuwar Yesu. A 2015 wani kwamitin Vatikan ya ƙara cewa hanyar ceto ɗaya ce, amma Ikkilisiya ba ta da shiri na musamman na tubar da Yahudawa.

Malamin makarantar Baibul, Ngaundere:
Inda aji ke rikicewa shi ne 11:26, ceton dukan Isra'ila. Kalvin, malamin tauhidi na Furotesta, ya ɗauke shi a matsayin jama'ar Allah duka, Yahudawa da al'ummai. Da yawa na cewa tuban Yahudawa ne mai yawa kafin ƙarshe. Mabiyan mai wa'azi Darby, da Baibul mai sharhi na Scofield na 1909 ya yaɗa koyarwarsu, sun raba shirin Isra'ila da na Ikkilisiya, daga nan wa'azin intanet ke haɗa ayar da ƙasar Isra'ila da aka kafa a 1948. A ganina nassin bai ɗauki wannan kayan ba, zancen jinƙai yake yi, ba iyakar ƙasa ba.

Mu 'yan Luta kuma kada mu ɓoye wa yara: Martin Luta, wanda ikkilisiyarmu ke ɗauke da sunansa, ya yi mummunan rubutu a kan Yahudawa a 1543, kuma Tarayyar Luta ta Duniya ta yi tir da rubutun a Budapest a 1984. In wani ya kawo Matiyu 27:25, inda taron jama'a ya ce alhakin jinin Yesu a kansu da 'ya'yansu, Malama, ki buɗe masa Luka 23:34 da Ayyukan Manzanni 3:17 nan take, masu cewa cikin rashin sani suka yi.