Me ya ci Jim Tressel: zanen jiki ko ɓoye magana?

Baban Sadik, Nima:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a Amurka ta dalilin ƙwallo, kuma an ja masa kunne sosai kan dokokin NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, har aka ba shi misali da wani koci mai suna Jim Tressel. Mu dai a filin Kawukudi, idan yaro ya zura ƙwallo, sai dattijo ya danƙa masa sidi goma a hannu, babu mai cewa uffan. Wane irin laifi ne zai raba babban koci da kujerarsa a kan kyauta?

Malam na Aboabo, Kumasi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Da farko, ƙwallon da Tressel ya horar ba irin tamu ba ce, ta Amurkawa ce da ake runguma a ruga, amma hukumar ɗaya ce. Ya ci kofi huɗu a jami'ar Youngstown State, sannan ya ɗaga kofin ƙasa da jami'ar Ohio State a kakar 2002. Wasu 'yan wasansa sun riƙa kai zobban nasara da rigunan wasa wurin wani mai zanen jiki, yana ba su kuɗi ko ya yi musu zane, abin da doka ta hana a lokacin. A Afrilun 2010 wani lauya ya sanar da Tressel ta imel, sai ya yi gum, kuma a Satumba ya sa hannu a takardar da ke cewa bai san da wata karya doka ba. Da asiri ya tonu ya ajiye aiki ranar 30 ga Mayun 2011, aka kuma soke nasarori 12 na kakar 2010. Sa hannun nan ne ya raba shi da kujerarsa.

Hajiya Mamobi:
Malam, ban musa ba, ƙarya ƙarya ce, amma ni dokar ce ta fi ba ni haushi. Filin Ohio State yana ɗaukar mutum sama da 100,000, ya ninka filin Baba Yara na Kumasi har da ƙari, kuma gumin yaran nan ne ke cika shi, amma a ce yaro ba shi da ikon sayar da zoben da aka ba shi nasa na kansa. Abin takaici, an yanke wa 'yan wasa biyar hukuncin dakatarwa na wasa biyar, sai aka bari suka buga babban wasan ƙarshen kaka na Sugar Bowl a Janairun 2011 tukuna, wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Malam na Aboabo:
Hajiya, zamani ya goyi bayanki, domin tun 1 ga Yulin 2021 an yarda ɗan wasa ya ci kuɗi da sunansa da hotonsa. Shi kuwa Tressel ya shugabanci jami'ar Youngstown State daga 2014 zuwa 2023, a 2025 kuma ya zama mataimakin gwamnan Ohio. Sai dai Alhaji, bizar ɗalibi ta taƙaita wa baƙo aikin kuɗi, saboda haka kada yaronku ya karɓi ko sisi sai ya tambayi ofishin kula da dokokin wasanni na makarantarsa, ya kuma adana amsar a rubuce.

Baban Sadik:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Zan karanta wa uwarsa bayan sallar isha'i, don ita ce take ta lissafin takalman da zai riƙa aiko wa ƙannensa su sayar.