Wai me za mu kira filai fishin da Hausa? Ni dai na tsaya kan fatsar gashi

Jama'a salamu alaikum. Akwai wata kalma da nake so mu daidaita a kanta, don na ga an fara fassara ta a bidiyoyi kuma kowa da tasa, wani ya ce kamun kifi da ƙuda, wani ya ce sun ƙuda, na ma ga wanda ya rubuta kamun kifi mai tashi. Abin da Turawa ke cewa filai fishin nake nufi. Idan Maris ya kama lokacinsa ne ke farawa a kogunan duwatsu na Montana da Kolorado a Amurka, to bari mu ɗauki abin da ke faruwa a bakin ruwan a wannan watan mu gwada sunayen da shi ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai fatsa ce. Ba taru ba ne, ba homa irin ta Argungu ba, ba mamari mai ƙugiyoyi rututu ba. Sanda ce doguwa mai lanƙwasa, yawanci ƙafa 9, da igiya, da ƙugiya. Inda ta rabu da fatsarmu wuri biyu ne. Ba a sa tana ko wani abinci na gaske a ƙugiyar, sai dai a ɗaura mata gashin tsuntsu da na dabba da zare har ta yi kama da abin da kifin ke ci. Sannan tunda ƙugiyar ba ta da nauyin da za a wurga ta, igiyar ce aka yi mai kauri da nauyi, mutum ya yi ta kaɗa ta a iska gaba da baya har ta miƙe ta tafi da ƙugiyar inda yake so. A fatsarmu dalma ce ke jan igiya, a nan igiya ce ke jan ƙugiya.

To ƙuda fa? Na san daga ina ya fito, fassarar kai tsaye ce, kuma 'yan'uwanmu na Nijar za su ce ai Faransanci ma da ƙudan ya kira ta. Amma mu in aka ce ƙuda, wanda ke bin rariya da tiren mai nama muke gani, Bahaushe na jin kamun kifi da ƙuda zai ɗauka ana kama ƙudaje ne a soke su a ƙugiya. Shi Bature kalmar tasa ta haɗa ƙwari masu fiffike iri-iri da ke fitowa daga cikin ruwa, tamu ba ta haɗa ba. Wannan dai mu ajiye shi.

Wani bawan Allah ya kawo fatsar shinge, wlh na so sunan nan sosai, kuma akwai hujja a bayansa. Duk wanda ya ga yadda shinge ke ɓarkewa bayan ruwan farko, tsuntsaye da kaji da ƙadangaru kowa ya bar abin da yake ya koma kansu, to ya fahimci abin da masu wannan fatsar ke jira duk rana. A ƙarshen Maris zuwa Afrilu akwai wani ɗan ƙwaro da ake kira Baetis, jikinsa kore-kore fiffikensa toka-toka, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, ya fi fita ranar da gari ya yi lumshi ana yayyafi ko dusar ƙanƙara na ɗan sauka, daga wajen azahar zuwa la'asar. Yana tasowa daga ƙasan ruwa ya fasa fatarsa a sama, sai ya zauna kan ruwan yana jiran fiffikensa ya bushe, kuma saboda sanyi yakan daɗe bai tashi ba, ruwa na tafiya da shi fiffike a tsaye. Sai ka ga wurin da ka rantse ba kifi ya fara motsi, hanci ya ɓullo a hankali ya zuƙe ƙwaro ɗaya ya koma, can ma wani, can ma wani. Awa ɗaya ko biyu abin ya wuce. A kogin Bitterroot na Montana kuma akwai wani babba da ake kira Skwala da ke fita a Maris da Afrilu, mutane na tahowa daga nesa saboda shi.

Amma ga inda shinge ya gaza. Wannan awa biyun ita ce kaɗai a rana, wata ranar ma ba ta zuwa gaba ɗaya. Sauran lokacin kifin na ƙasa. A farkon Maris ruwan kogunan nan bai wuce digiri 3 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas ba, shi kuwa tirawut, kifin da ake nema a kogunan nan, zafin jikinsa na bin na ruwa ne, sai ruwa ya kai wajen digiri 10 zuwa 16 yake samun kuzarinsa sosai. A irin wannan sanyin ba zai tsaya inda ruwa ke gudu da ƙarfi ba, gurbi mai zurfi yake nema inda ruwa ke tafiya a hankali, ya lafe dab da tsakuwa yana jiran abin da ruwa zai kawo masa bakinsa, ba zai bi komai da gudu ba. Shi ya sa masu abin ba sa sammako a wannan watan, sai hantsi ya dubi ludayi rana ta ɗan taɓa ruwan tukuna. Abin da yake ci a ƙasan nan tsutsar ƙwarin ne, wato su kafin su yi fiffike, suna manne a ƙarƙashin duwatsu, in ka ɗaga dutse ɗaya daga ruwan ka juya shi za ka gan su baƙaƙe-baƙaƙe suna rarrafe. Don haka ƙugiyar da aka fi ɗaurawa yanzu ba mai yawo a sama ba ce, mai nutsewa ce, har ɗan ƙwallon ƙarfe ake sa mata a ka don ta isa ƙasa da wuri. Abin da ba ya tashi ba ma ya zuwa saman ruwa, ta yaya za mu ce masa shinge?

Sai fatsar ƙwaro. Wannan ya fi, don tsutsar ma ai ƙwaro ce. Na daɗe ina ganin shi ne. Matsalarsa ita ce akwai ƙugiyoyin da ba ƙwaro suke kwaikwayo ba sam. Akwai dogaye masu tsawon yatsa da ake yi da fatar zomo mai gashi ko lallausan gashin talo-talo, a ja su cikin ruwa su yi ta kaɗawa kamar ɗan ƙaramin kifi, da su ake neman manyan tirawut in ruwa ya fara gurɓacewa. Akwai mai kama da ƙwan kifi, akwai mai kama da tana. Kuma a nan Afirka, a kogin Faro na arewacin Kamaru, da irin wannan fatsar ake kama giwan ruwa da tsage, su kuwa ba ƙwari suke bi ba kifi suke ci. Sunan da zai bar waɗannan a waje bai cika ba.

To me ya haɗa su duka, mai yawo a sama da mai nutsewa da mai kama da kifi? Abin da aka yi su da shi. Ku duba teburin mai ɗaura su, ya matse ƙugiya a ɗan ƙarfe, ya naɗa zare, ya tsinko silin gashin dawisu ya naɗe ya zama jiki, ya ɗauko gashin wuyan zakara ya zagaya da shi bayan idon ƙugiya silin su miƙe tsaye su zama ƙafafu. Akwai wadda ake yi da gashin kunnen zomo. Akwai wadda wani mai kula da kogi a Ingila, Frank Sawyer, ya ƙirƙiro da gashin jelar tsuntsun fezan da siririyar wayar tagulla kawai, har yau tana cikin waɗanda aka fi kama kifi da su a irin wannan watan. Gashin barewa ana sa shi don cikinsa da iska, ba ya nutsewa. Gashin zabo ma na shiga. Kuma tun asali haka abin yake, wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubuci Barume mai suna Aelian ya ba da labarin masunta a Makedoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su ɗaura gashin zakara biyu. A nan ne Hausa ta yi mana gata, Bature sai ya nemi kalma daban ga na tsuntsu, daban ga na zomo, daban ga na barewa, mu duk gashi ne. Mutanen Japan da ke da tasu tsohuwar fatsar ta duwatsu, tenkara, sunan ƙugiyarsu kebari, ma'anarsa ƙugiyar gashi.

Don haka abin da nake ba da shawara, aikin a ce masa fatsar gashi, abin da ake ɗaurawa a bakin igiya a ce ƙugiyar gashi, mai yi kuma mai fatsar gashi.

Wata baiwar Allah ta ce to ai a rubuce za a karanta shi gashi na wuta, tunda maganar kifi ake. Gaskiyarki hajiya, a baki muryar ta bambanta amma a rubutu ɗaya ne. Maganinsa dai a farkon rubutu a cika shi a ce fatsar gashin tsuntsu, daga nan a ci gaba da gajeren. Wani kuma ya ce yanzu ai da roba da soso da zaren leda ake yin da yawansu. Haka ne, amma har gobe gashin ne ginshiƙi, kuma muna cewa gogar gawayi da gogar lantarki duk goga, sunan ba ya faɗuwa don kayan sun sake.

Shi kifin kuwa ban ga dalilin laƙa masa sunan wani namu ba, ba karfasa ba ne ba tarwaɗa ba ne, dangin salmon ne mai son ruwan sanyi mai gudu, a bar shi tirawut. A Afirka sai a tsaunuka ake samunsa, kamar Lesoto da Kenya inda Turawa suka kai shi a 1905, kuma Kenya na cikin ƙasashen da ake ɗaura ƙugiyar gashi da hannu ana fitarwa kasuwannin Turai da Amurka.

Don Allah masu fassara a kula da kiran wannan lokacin nasu na bayan hunturu bazara. Watannin sun zo ɗaya, Maris zuwa Mayu, amma bazararmu zafi ce da ƙafewar rafi, can kuwa mutum na tsaye cikin ruwa da wandon roba har ƙirji, ruwan da ke jikin igiya na daskarewa a zoben sandarsa da safe. Ni ƙarshen hunturu nake cewa, ko gab da narkewar ƙanƙara, don narkewar ce ke yanke komai. Dusar da ta taru kan tsaunuka duk hunturu tana nan ba ta motsa ba a Maris, shi ya sa kogi ke ƙasa kuma garau har kana ƙirga tsakuwa, a nan ne kifi na ganinka mai jar koma, sai ka sunkuya ka bi a hankali ka sa siririyar igiya a ƙarshe. Da an shiga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu rana ta yi ƙarfi sai ƙanƙarar ta saki, kogi kamar Yellowstone da ba babban dam a kansa ya kawo ya yi jawur ya ɗebo itatuwa, fatsa ta tsaya har wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Masu naci sai su koma ƙasan dam, kamar Missouri bayan dam ɗin Holter ko kogin Bighorn, inda ruwan ke fita a tace.

Abu ɗaya kuma da duk mai bayanin wannan fatsar da Hausa ya kamata ya faɗa, tirawut mai jan layi a gefe, wanda suke kira renbo, a wannan lokacin yake saka ƙwai. Macen na share tsakuwa da jelarta a wuri marar zurfi ta zuba ƙwan ta rufe, za ka ga wurin ya yi fari tas daban da sauran ƙasan kogin da ya yi gansakuka. Ba a takawa, kuma ba a jefa wa kifin da ke kansa ƙugiya, a zagaya ta ƙasa a wuce. Ni gurbin ƙwai nake ce masa.

Saura biyu da nake so Sarkawa da mutanen Yawuri da Argungu su taimaka mana da su. Wannan kaɗa igiyar a iska kafin a sake ta, kaɗawa za mu ce ko wurgawa ko akwai wata kalma a bakin masunta? Sannan yadda kifi ke ɗagowa ya ɗauki ƙwaro a saman ruwa ya bar ɗan zobe, kawara ma na yi a kogunanmu, wanda duk ya ji yadda iyayensa ke kiran wannan ya rubuto mana tare da sunan garinsu.