Zamiya a Alps a makon Sabuwar Shekara: za mu tarar da dusar ƙanƙara kuwa?

Maman Hanifa

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Faransa muke zaune, kuma maigida ya samu hutu a makon ƙarshe na Disamba. Yara sun matsa sai an kai su tsaunukan Alps sun koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara. Babbar shekararta 11, ƙaramin 7, mu iyayen ma ba mu taɓa ɗaura katakon a ƙafa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hotunan farkon Janairun 2023, lokacin da wurare da dama suka koma ciyawa zalla, sai wani siririn farin layi a tsakiya. Ba na so mu kama masauki tun yanzu mu je mu iske taɓo. Ga kuma cunkoso, an ce makon nan ba masaka tsinke. Don Allah wane irin wuri ya kamata mu nema?

Baban Sadik

Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Kafin ki kalli hotunan talla, fara duba tsayin garin. A Disamba tsayi ne ke yanke hukunci. Duk hawan mita 1,000, zafi yakan ragu da kusan digiri 6, saboda haka hadari guda zai zubar da ruwa a garin da ke mita 1,000, ya zubar da dusa a wanda ke mita 2,000. A 2023 ɗin da kika ambata, ƙananan wurare ne suka sha wuya. Har a Adelboden ta Suwizalan, gasar cin kofin duniya ta zamiya da aka yi a watan Janairun nan a kan dusar inji aka yi ta, gefe da gefe duk ƙasa a fili. Amma a Faransa irin su Val Thorens, da ke mita 2,300, da Tignes, da ke wajen mita 2,100, sun ci gaba da aiki.

Kada sunan gari ya ruɗe ki. Chamonix ta yi suna, can aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, amma garin kansa mita 1,035 ne kawai, filayen zamiyarsa kuma a warwatse suke, sai an hau bas daga wannan zuwa wancan. Ga gwanaye wuri ne mai kyau. Ga uwa mai jan yara biyu sanye da takalman nan masu nauyi, wahala ce.

Ki san kuma lambar zurfin dusa da suke wallafawa kashi biyu ce, ta ƙwanƙolin dutse da ta gindinsa. Ta gindin ce taku, domin filin masu koyo kusan kullum a bakin gari yake. Ni na fi yarda da kyamarorin da ke nuna wurin kai tsaye a intanet. Ina buɗe su da rana tsaka in duba rufin gidaje da gefen hanya, ba tsakiyar filin da aka gyara ba. In gefen ya yi fari, akwai dusa ta gaskiya. A hasashen Météo-France kuma, wato hukumar yanayi ta Faransa, suna faɗin tsayin da ruwan sama zai koma dusa, wannan lambar ta fi komai amfani.

Injinan feshin dusa suna ceto sosai, sai dai ba sa aiki sai sanyi ya sauka kamar digiri 2 ƙasa da sifili, in iska busasshiya ce ya fi. In aka samu mako mai ɗumi, injin yana tsaye kamar kowa. Dusar da yake yi ta fi ta sama tauri, tana jure ɗumi, amma in dubban mutane suka kankare ta sai ta koma santsi.

Nan ne cunkoso ya haɗu da maganar dusa. Da dare manyan motoci ke bi su daidaita hanyoyin, da safe ƙarfe 9 za ki tarar da su a shimfiɗe, katako yana kama ƙasa yadda ya kamata. Zuwa ƙarfe 3 hanyar nan ɗaya ta zama tudu-tudu, tsakaninsu ƙanƙara mai sheƙi, kowa ya gaji, kowa yana saukowa gari a lokaci ɗaya. Wannan sa'ar nake ji wa masu koyo tsoro ƙwarai. Ku fita da wuri, ku tashi da wuri. In yara sun hau sama da rana, ba abin kunya ba ne su dawo cikin keken igiya maimakon su sauko da ƙafa.

Hajiya Rabi

Baban Sadik ya faɗi gaskiya kan tsayi, amma ban goyi bayan a kai ɗan shekara 7 Val Thorens a ƙarshen Disamba ba. Babu itatuwa a can. In iska ta taso ba abin da zai kare ku, wani lokaci har a tsayar da kujerun igiya masu kai mutane saman dutse. In hazo ya sauko kuma sama da ƙasa su zama fari ɗaya, ba ka gane tudu daga kwari. Wasu yaran ma barci kan yi musu wuya a daren farko saboda tsayin. Yaron da yatsunsa suka daskare a ranar farko, da wuya ki shawo kansa ya sake fita.

Ni tsaka-tsaki nake ba ki shawara, 'yar uwa. Mun kai namu Les Saisies, mita 1,650, inda aka yi wasu wasannin Olamfik na Albertville a 1992. Gangarenta masu sauƙi ne, ga daji yana tare iska. Mai koyo ba ya buƙatar kilomita 600 na hanyoyin zamiya da ke Trois Vallées, yankin da Val Thorens take ciki. Da launi ake nuna wahalar hanya, a makon farko koriya ce tasa, mafi sauƙi, in ya yi ƙoƙari ya taɓa shuɗiya. Ja da baƙa, masu wahalar, ba naku ba ne bana. Ki saya musu safar hannu mai kyau da hular kwano da tabarau, domin dusa tana maido hasken rana a ido ko da gari na sanyi.

Malam Bashir

Ƙari kaɗan. Ki yi wa yara rajistar darasi yanzu, kafin ma ki biya masauki. Makarantar koyon zamiya ta ESF, mai malamai masu jajayen kaya, ajujuwan safe na makon nan sukan cika tun da wuri, tunda hutun Kirsimeti duk makarantun ƙasar tare suke tafiya, ba kamar na Fabrairu da ake raba shi yanki uku ba. Yawancin gidajen haya Asabar zuwa Asabar ne, shi ya sa hanyar Albertville zuwa Moûtiers, wadda ake bi zuwa su Val Thorens da Tignes, ke cushewa ranar. Ku duba Bison Futé, shafin gwamnati na hasashen cunkoson hanya, ku yi sammako. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris doka ta wajabta tayoyin hunturu ko sarƙa a mota a yankunan tsaunuka. Sannan ku sayi inshora tare da tikitin hawa kujerun igiya, domin in aka ɗauko mutum daga kan dutse biya ake yi.

Maman Hanifa

Allah ya saka da alheri. Mun karkata ga shawarar Hajiya. Baban Sadik, a taswirar wurin na ga wasu gangaren suna fuskantar kudu, wasu arewa. Wanne za mu fi bi?

Baban Sadik

Dukansu za su yi muku aiki. Na arewa rana ba ta cika taɓa shi ba a Disamba, dusarsa ta fi daɗewa da kyau, amma akwai sanyi. Na kudu ya fi daɗin tsayuwa da yara, sai dai in an yi ɗumi yakan jiƙe da rana ya daskare da dare, da sassafe ya yi tauri. In makon ya zo da sanyi sosai ku bi rana, in ya zo da ɗumi ku koma inuwa. Malamin yaran ya san wanda ya fi kyau a kowace safiya, ki tambaye shi lokacin da kika kai su.