Sayayya ta waya da zuwa kasuwa: yadda ta kaya a zauren unguwarmu

Maman Husna: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake wallahi. Jiya ƙanwar maigidana ta tarar yaro ya kawo min atamfa turmi biyu da kayan miya, ta ce wai na zama raguwa, ko kasuwa ba na iya zuwa. Ni kuwa tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na zauna na yi lissafi. Daga Rijiyar Zaki zuwa Kantin Kwari kuɗin Adaidaita kaɗai ya ishe ka, ga cunkoson Fagge, hayaƙi har ido ya yi ja. Yaron da ke kawo min kaya babur ɗaya gare shi, gida takwas yake zagayawa kafin azahar. Mata takwas ke nan ba su fita an ƙona mai ba. Sayayya ta waya ta rage mana gantali, ta rage wa garin hayaƙi.

Hajiya Babba: Gantali? Maman Husna, shekara talatin ina zuwa Kasuwar Rimi da ƙafata, da ita na aurar da 'ya'ya huɗu. Ashe gantali nake yi?

Maman Husna: Haba Hajiya, ki yi haƙuri, ba da ke nake ba.

Hajiya Babba: To da wa kike? Duk mai zuwa kasuwa kika haɗa.

Ɗan Kwari: Ki bar ta Hajiya. Atamfar da aka kai mata daga ina ta fito? Masu tallar a WhatsApp wurinmu suke zuwa da safe, su ɗauki hoton kaya, su ɗora riba. In zuwa Kwari gantali ne, to su ma 'yan gantalin ne.

Malam Na'ibi: A Hausa gantali shi ne yawon da ba shi da dalili. Wanda ya fita neman abin da zai ci ba ya cikinsa.

Ummi Kayan Kicin: Malam, wadda ta fita sayen zare ta wuni tana taya kayan da ba za ta saya ba fa? Kuma Ɗan Kwari, ribarmu halak ce. Mu muke kawo muku ciniki har shago.

Ɗan Kwari: Ciniki ko dawo da kaya? Satin nan sau uku yarinya ɗaya ta dawo min da leshi, wai launin bai yi daidai da na hoto ba. Babur ya je, ya dawo, ya sake komawa. Wane hayaƙi aka rage?

Baban Sadik: Ni direban Adaidaita ne. Tun Janairun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, mu muka riƙe garin nan. Mutum uku zuwa huɗu nake ɗauka a sahu ɗaya, ba mace ɗaya ba. Kowa ya tashi sai ya ce hayaƙinmu. Janareton da kuke cajin wayar da shi turare yake fitarwa?

Anti Rabi: Ni ledar ce ke damuna. Takalmi ɗaya na saya, ya zo a leda uku da kwali, an naɗe da salatif. Ku leƙa kwatar layinmu in an yi ruwa, duk ita ce ta toshe ta.

Ummi Kayan Kicin: Anti, a kasuwa a ganye ake ƙunsa miki?

Anti Rabi: Da kwandona nake zuwa, yarinya. Kuma ki iya bakinki, na girmi yayarki.

Hajiya Babba: Har yanzu ba a janye kalmar nan ba.

Maman Husna: Na janye, Hajiya. Amma maganar man fa? Ba wanda ya ce komai a kan lissafina.

Alhaji Shugaban Zaure: Ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, kuma ina ganin kowa ya yarda: zuwa kasuwa ba gantali ba ne, mai maganar ma ta janye. Sayayya ta waya ba ta rage komai ba sai ƙara leda da yawon babura, kamar yadda Ɗan Kwari ya tabbatar. Ni da nake da shago a Singa shekara ashirin na san kaya sai an taɓa da hannu. An rufe wannan magana.

Maman Husna: Alhaji, ni ban yarda ba.