Waɗanda suka ga dawowar kifin salmon a tsibirin Vancouver na ƙasar Kanada, ku ba mu labari

Ɗalibi a Victoria:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A farkon Nuwamban da ya wuce wani abokin karatuna ya kai ni gandun Goldstream, wanda bai kai tafiyar rabin sa'a a mota daga birnin Victoria ba, domin in ga yadda kifin salmon yake dawowa daga teku zuwa kogin da aka ƙyanƙyashe shi. Tun ba mu isa bakin ruwa ba ƙarni ya tare mu a hanya. Kogin ɗan ƙarami ne, a wurare da yawa ruwansa bai kai gwiwa ba, amma ga shi maƙil da kifaye masu tsawon hannun babban mutum, gadon bayansu a waje, kowanne yana kutsawa sama. Na daɗe ina kallon wata mace da take kwantawa ta gefe guda tana dukan tsakuwa da jela har ta haƙa ɗan gurbi, maza biyu kuma masu lanƙwasasshen baki da haƙora a waje suna ta cizon juna a bayanta. A gaɓar kogin kuwa matattu ne birjik, tsuntsayen teku sun ƙwaƙule musu idanu.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan naman da na ga yana ruɓewa ba mai ɗauka, har na ce wa abokina wannan ai asara ce. Ina roƙon waɗanda suka fi ni daɗewa a tsibirin nan su gaya mana abin da suka gani.

Mahaifiyar yara uku, Nanaimo:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Kalmar da ka furta ita na furta a shekarata ta farko, har maigidana ya yi mini ba'a cewa ko da yake an koya mana kifi ba shi da mushe, wannan dai ba zai shiga tukunyarsa ba. Gaskiyarsa ce, domin daga lokacin da salmon ya bar ruwan gishiri ya shiga kogi ya daina cin abinci, da kitsen jikinsa yake tafiya, kuma kafin ya gama zuba ƙwai namansa ya saki, fatarsa ta fara saɓulewa. Dukkan nau'o'i biyar da ake da su a nan, wato chinook da coho da sockeye da pink da chum, mutuwa suke yi bayan haihuwar nan guda ɗaya. Wanda ka gani a Goldstream yawancinsa chum ne.

Da ka koma a watan Disamba da ka ga masu rabon naman. Mun kai yara a lokacin, muka tarar da mikiyoyi masu farin kai sun yi sahu a kan dogayen bishiyoyin da ke bakin kogin, suna saukowa ɗaya bayan ɗaya. Wata ma'aikaciyar gandun ta bayyana wa yaran cewa ragowar da dabbobi suke ja zuwa cikin kurmi taki ne ga bishiyoyi, kuma masu bincike a Jami'ar Victoria sun gano sinadarin naitirojin da ya fito daga teku a jikin itatuwan da ke gefen irin waɗannan koguna. Wanda ya ruɓe cikin ruwa kuwa shi yake ciyar da ƙwarin da 'ya'yan kifin za su ci idan sun fito daga tsakuwa bayan hunturu. Babban ɗana har yau idan ya ga doguwar bishiya sai ya ce ta ci kifi ta ƙoshi.

Ma'aikacin jinya, Campbell River:

Hajiya ta yi bayanin ɓangaren daji, ni kuma zan faɗi ɓangaren da hannun mutum ya shiga. Kusa da garinmu akwai gidan ƙyanƙyasar kifi na kogin Quinsam, wanda hukumar kula da su da tekuna ta gwamnatin tarayyar Kanada take gudanarwa tun 1974, kuma ana barin baƙi su shiga su gani. Na je a cikin kaka, na tarar da ma'aikata sanye da rigunan roba har ƙirji suna tsamo kifayen da suka nuna. Sai a buge kifi a kai, a tsaga cikin macen, ƙwai masu launin lemo kamar manyan duwatsun wuya su zubo cikin bokiti, sannan a matso maniyyin namiji a kai, a gauraya, a jera su cikin farantai da ruwan sanyi yake bi ta cikinsu dare da rana. Ba zan ɓoye muku ba, da farko abin ya yi mini kama da mahauta, sai da na ga tankunan da 'yan ƙananan kifaye suke yawo kamar baƙin hadari sannan hankalina ya kwanta.

Dalilin aikin shi ne, a cikin kogi ƙwai kaɗan ne suke tsira daga ambaliya da laka da bakin tsuntsu, a gidan ƙyanƙyasa kuwa mafi yawansu suna rayuwa. Sai dai masunta da masana na nan ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Akwai masu cewa kifin da ya tashi a tanki yana gogayya da na daji wajen abinci, kuma idan suka yi barbara da juna irin yana raunana. Ni dai a nawa ganin gidan ƙyanƙyasa kamar ƙarin jini ne ga majiyyaci: yana riƙe rai, amma idan ba a gyara kogin da sare dazuzzuka da madatsun ruwa suka ɓata ba, ciwon yana nan.

Direban babbar mota, Port Alberni:

Malam, maganar ka ta tuna mini da ranar da na fara fita su a teku. Ni ɗan bakin kogi ne, na tashi ina jefa fatsa a Yawuri, saboda haka na shiga jirgin ina ganin babu abin da za a koya mini. Ashe su a nan rabinsa takarda ne. Sai da na sayi lasisin su na ruwan gishiri daga gwamnatin tarayya tare da hatimin salmon, aka kuma gaya mini cewa na koguna da tafkuna daban yake, lardin British Columbia ne yake bayar da shi. Mai jirgin ya karɓi ƙugiyata ya matse ƙayarta da filaya, domin doka ta hana kama salmon da ƙugiya mai ƙaya, saboda wanda za a saki ya koma ruwa ba tare da mummunan rauni ba.

Bayan kusan sa'a uku ina fama da jiri da tashin zuciya, na kama coho mai kyau, na riga na fara lissafin yajin da zan barbaɗa masa. Mai jirgin ya leƙa bayansa tun yana cikin ruwa, ya nuna mini ɗan ƙaramin fiffiken da ke kusa da jela, ya ce wannan na daji ne, a wurin da muke a ranar sai an sake shi. Na gidan ƙyanƙyasa ana yanke masa wannan fiffiken tun yana ƙarami, kuma wasunsu suna ɗauke da ɗan guntun waya mai lamba a cikin hanci, shi ya sa ake roƙon masunta su kai kawunan irin waɗannan kifaye wuraren da aka tanada domin a san daga ina kifin ya fito. Na saki kifina ina kallo ya nutse, raina bai so ba.

Ga mai son kallo kawai, ya zo gangaren ruwan kogin Stamp kusa da mu a watan Satumba ko Oktoba, inda aka gina wa kifi matakala a gefen dutse. A can na ga baƙar beyar a ɗaya gaɓar ta cafki kifi ta shige kurmi da shi ko kallonmu ba ta yi ba.

Ma'aikacin jinya, Campbell River:

Yaya, da ka zo garinmu da ka ga masu tsananta wa kansu fiye da doka. Akwai tsohuwar ƙungiyar masunta mai suna Tyee, wadda ba ta karɓar mutum sai ya kama chinook mai nauyin fam 30 ko fiye, wato kusan kilo 14, daga cikin ƙaramin kwalekwalen da ake tuƙawa da hannu ba da inji ba. Da asuba da kuma gab da magariba a watan Agusta za ka ga kwalekwalen sun yi shiru a bakin kogi, idan an kawo babba kuma sai a kaɗa ƙararrawa.

Malamar makaranta, Victoria:

Ni ban taɓa riƙe fatsa ba, amma na shiga jirgin kallon dabbobin teku daga Telegraph Cove a arewacin tsibirin, muka ga ayarin orka, manyan dabbobin nan masu launin baƙi da fari, a mashigin Johnstone. Matuƙin ya kashe inji daga nesa, ya zura na'urar sauraro cikin ruwa, muka ji suna kiran juna da wata irin ƙara mai kama da fito. Ya gaya mana cewa danginsu na kudancin tsibirin, waɗanda yawansu bai kai 80 ba, kusan chinook kaɗai suke ci, saboda haka duk shekarar da chinook ya yi ƙaranci su ma ramewa suke yi. Tun daga ranar na fahimci dalilin da ya sa ake rufe wasu yankunan teku ga masunta a wasu watanni, duk da ƙorafin da hakan yake jawowa.

Ƙanena mai tambaya, idan za ka koma Goldstream ka tafi da takalmin ruwa da rigar ruwan sama, ka tsaya a kan hanyar da aka shata, kada kuma ka taka cikin kogin, domin ƙwan yana kwance a ƙarƙashin tsakuwar da ƙafarka za ta sauka a kai.

Ɗalibi a Victoria:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Jarrabawarmu za ta ƙare a tsakiyar Disamba, kuma na riga na yi magana da abokin nan nawa mu koma mu ga mikiyoyin. Hajiya, da wane lokaci na yini kuka je da yara, da sassafe ne ko da hantsi?