Shawarwarin Masu Tara Sulallan Daular Rum

Shawarar da masu tara tsofaffin sulallan Rum suka fi nanatawa ita ce sabon shiga ya fara da na tagulla na zamanin Sarki Kwanstantin, shekara ta 306 zuwa 337, don suna da yawa, ga araha. Wajen gane sarkin da ke jikin sule, a dogara da rubutun da ya kewaye kan sarki, domin fuskokin sarakunan ƙarni na 4 kusan ɗaya suke. Haruffan can ƙasa a bayan sulen su ke faɗin garin da aka buga shi: PLN Landan ke nan.

Kan wankewa an yi saɓani. Ni dai ina tare da masu cewa kada a kankare koren da ya lulluɓe sulen, darajarsa ce ake zubarwa. Jabu kuwa a duba gefensa. Layin haɗi ko 'yan ramuka na nuna narka ƙarfe aka yi aka zuba shi, ba buga shi aka yi ba.